GONAR DA TALAUCINTA YA CECE TA: Tarihin Ramin Lu'ulu'u na Jihar Arkansas

Yau zan ɗan jingine zancen littattafai da marubuta, in ja ka zuwa wata gona a ƙasar Amurka, gonar da ake yi wa huɗa da tarakta kamar kowace gona, amma ba a shuka komai a cikinta. Abin da ake girba a wurin shi ne lu'ulu'u, wato daimon. Dokar wurin kuwa ɗaya ce tak: ka biya kuɗin shiga, ka ɗauki shebur da rariya, duk abin da Allah ya ba ka naka ne, komai darajarsa, hukumar wurin ba ta karɓar kaso.

Sunan wurin Crater of Diamonds, wato Ramin Lu'ulu'u, yana gefen wani ƙaramin gari mai suna Murfreesboro a kudu maso yammacin Jihar Arkansas. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Little Rock, babban birnin jihar, shi ne ya fara ba ni labarin wurin sa'ad da na kai masa ziyara. Ina ji na yi dariya, na ce masa, "Kai yaro, a ina ka taɓa jin gwamnati ta sakar wa talaka ramin lu'ulu'u? Banza ba ta kai zomo kasuwa." Ya ce, "Kawu, gani ya kori ji. Tafiyar awa biyu ce a mota, gobe Asabar sai mu je."

Mun je, mun yini, mun dawo buɗu-buɗu da taɓo. To amma tambayar da na yi masa ba ta bar ni ba, ita ce ma ta sa na bi diddigin tarihin wurin. Amsar da na samu ta ba ni mamaki, domin kuwa ba tausayin talaka ne ya sa aka buɗe ramin ga jama'a ba. Sai da masu kuɗi suka shafe shekaru suna juya ƙasar, suka tabbatar ba za ta biya su ba, sannan suka sake ta.

WUTAR DA TA YI DAKO

Wanda ya ji an ce bakin dutse mai aman wuta, zai zaci wani tsauni ne mai hayaƙi a ka. Ni ma haka na zata. Da muka isa sai na ga fili ne shimfiɗaɗɗe mai kunyoyi, ƙasarsa kore-kore mai duhu, dajin itatuwa ya kewaye shi. Faɗin inda ake tonon eka 37 da rabi ne, wato kamar filin ƙwallo ashirin a haɗe.

Masana ilimin duwatsu sun ce shi lu'ulu'u ba komai ba ne illa sinadarin kabon, ɗan'uwan gawayi, wanda tsananin zafi da danniya suka dunƙule shi a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin da ya haura kilomita 100. A lissafinsu, na Arkansas ya ƙullu kusan shekaru biliyan 3 da suka wuce, ya yi zamansa a can. Sai kimanin shekaru miliyan 100 da suka shige, wani narkakken dutse mai cike da iska ya taso daga wannan zurfi da gudu, ya kwaso duk abin da ya tarar a hanya, har da lu'ulu'un. Da ya kusanto doron ƙasa sai ya fashe, ya bar wawakeken rami mai siffar mazurari, wanda faɗin bakinsa ya kai eka 83. Tarkacen da ya yi sama ya dawo ya cike ramin.

Ke nan wutar ba ita ta ƙera lu'ulu'un ba, dako kawai ta yi. Saurinta ne kuma ya cece shi, don da a hankali ta taso da ya rikiɗe ya koma irin baƙin abin nan da ke cikin fensir. Daga nan ruwan sama da iska suka karɓi aiki, suna zaizaye saman ramin shekara da shekaru, suna kwashe ƙasa mara nauyi suna barin mai nauyi. Wannan ne ya sa ƙasar sama-sama ta fi ta ƙarƙashi yawan lu'ulu'u. Ka riƙe wannan batu, mai karatu, domin shi ne ya yaudari kamfanoni daga baya.

Irin dutsen da ke cikin ramin ana kiransa lamforait. Bayan lu'ulu'u fari da rawaya da ruwan ƙasa, akan tsinci aƙiƙ, da jan dutsen jasfa, da amatis mai launin shunayya, da ganet, da farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz.

MANOMIN DA YA RIGA MASANA

Tun a 1889 babban masanin duwatsu na jihar, John C. Branner, ya binciki wurin, ya lura dutsen ya yi kama da wanda ake samun lu'ulu'u a cikinsa a Kimberley ta Afirka ta Kudu. Ya dudduba, bai ga ko ɗaya ba. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama. Wanda rabon ya tsaga da shi wani manomi ne mai suna John Wesley Huddleston, mutumin da ba shi da ilimin boko, mai yawan yawo a bakin rafi yana neman ma'adinai. Bai daɗe da sayen gona mai eka 243 a wurin ba, a kan dala 2,000.

A watan Agusta na 1906 ya tsinci wasu duwatsu biyu masu wani irin sheƙi a gonar. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, ya hau alfadarinsa ya kai su banki a Murfreesboro, ma'aikacin bankin ya taya su kwabo hamsin na Amurka, shi kuwa ya ce gara ya zubar da su. Daga nan aka aika duwatsun wurin wani mai sayar da kayan ƙawa a Little Rock, Charles S. Stifft, har suka kai New York, inda George F. Kunz, ƙwararren masanin duwatsu masu daraja na kamfanin Tiffany, ya tabbatar lu'ulu'u ne na gaske. Kafin wannan ana tsintar lu'ulu'u jefi-jefi a rafukan Amurka, amma wannan ne karo na farko da aka same shi kwance a cikin ainihin dutsen da ya haifo shi.

A nan akwai wani bambancin doka da ya kamata a fahimta. A Nijeriya, sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko da a tsakar gidan kakanka yake. A Amurka kuwa, bisa asali, mai fili shi ke da abin da ke ƙarƙashin filinsa. Saboda haka Huddleston ya wayi gari da dukiyar da zai iya sayarwa. Wasu attajiran Little Rock ƙarƙashin jagorancin wani ma'aikacin banki, Samuel W. Reyburn, suka saye gonar a kan dala 36,000, wato ninki 18 na abin da ya biya. Jaridu suka laƙaba masa Sarkin Lu'ulu'u. Ya rasu a 1941, kuma abin da ya tsaya a bakin mutanen yankin shi ne dukiyar ta zurare daga hannunsa tun kafin ya bar duniya, aka binne shi a wata maƙabartar ƙauye kusa da gonar. Duk da haka, in aka yi lissafi, yana cikin 'yan tsirarun da suka taɓa cin riba mai tsoka daga wannan ƙasa, don shi ya sayar ya tashi, bai tsaya haƙa ba.

ZAZZAƁIN LU'ULU'U DA ASARAR KAMFANONI

Labari na bazuwa sai jama'a suka yi ca. Otal ɗin garin ya kasa ɗaukar baƙi, aka kakkafa tantuna a bakin hanya, har aka yanka sabon gari tsakanin Murfreesboro da ramin aka sa masa suna Kimberly, don kwaikwayon na Afirka ta Kudu. Yau garin nan babu shi, sai saura. Zumuɗin ya kai har fadar gwamnati: tutar jihar da aka amince da ita a 1913, wadda wata malamar makaranta Willie Hocker ta zana, siffar lu'ulu'u ce a tsakiyarta, kuma har gobe ita ce tutarsu.

Ramin kuwa tun farko ya rabu gida biyu. Babban kaso na hannun kamfanin su Reyburn, wato Arkansas Diamond Company. Ƙaramin kaso na arewa yana cikin filin wani maƙwabcin Huddleston mai suna M. M. Mauney, wanda daga baya aka yi ta hayarsa da sayar da sassansa, har wani Austin Millar da ɗansa Howard suka kafa injinan wanke ƙasa a wurin. Ɓangarorin biyu ba sa ga-maciji. Aka yi ta shari'a a kan iyaka da yarjejeniyar haya, kowa na zargin ɗan'uwansa. A 1919 gobara ta cinye injinan su Millar ƙurmus a dare ɗaya, kuma an yi imani sa wutar aka yi.

Ba wai ba a samun lu'ulu'un ba ne. Ana samu. A 1924 wani lebura na kamfanin, W. O. Basham, ya hango wani dutse a cikin injin wanki, mai nauyin karat 40.23. Shi karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, ke nan dutsen ya kai giram 8. Aka sa masa laƙabin leburan, wato Uncle Sam. Har yau ba a sami wanda ya fi shi girma a Amurka ba. Bayan an feƙe shi ya koma karat 12.42, kuma tun 2022 yana baje a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington.

Matsalar dai ta lissafi ce. Da farko, da suna kwasar ƙasar sama wadda ruwan shekaru ya riga ya tace musu, sai abin ya yi kamar zai biya. Da suka nutsa ƙasa sai suka tarar sai an fasa tan-tan na dutse kafin a sami ɗan ƙwaya ɗaya, kuma yawanci bai wuce kan ashana ba. Kuɗin injin da na lebura suka rinjayi kuɗin lu'ulu'u. Kamfani ya durƙushe, wani ya karɓa, shi ma ya durƙushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurka ta matsu da buƙatar lu'ulu'un masana'antu na yanka ƙarfe, hukumar ma'adinai ta gwamnatin tarayya ta zo ta gwada ƙasar a 1943 zuwa 1944, ta koma. Bayan yaƙin, attajirin ƙera jiragen sama Glenn L. Martin ya zuba nasa kuɗin, shi ma ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Da yake mutum ba ya son yarda cewa ƙasarsa ce ba ta da albarka, sai jita-jita ta samu gindin zama, cewa manyan dillalan lu'ulu'u na duniya ne ke yi wa ramin zagon ƙasa don kada ya karya musu farashi. Howard Millar ya riƙe wannan zargi har cikin littafin da ya wallafa a kan ramin a 1976. Zargin bai rasa dalili ba, in aka dubi abin da ya faru a Kimberley ta asali. Can, daga 1871 zuwa 1914, an kwashe lu'ulu'u kimanin karat miliyan 14 da rabi daga rami guda. Da farko dubban ƙananan mahaƙa ne ke da ɗan yankinsu kowa, amma daga baya Cecil Rhodes ya haɗiye su duka a cikin kamfanin De Beers. Baƙaƙen fata masu ƙasar suka koma leburori, ana kulle su a bariki har ƙarshen kwantiragi, ana cajin jikinsu tsirara kada su fita da dutse. Wannan shi ne abin da arzikin rami ya jawo wa mutanen Kimberley. Shi kuwa na Arkansas, duk abin da aka samu a cikinsa tun daga 1906 zuwa yau ƙwaya dubu 75 ne da ɗoriya, mafi yawa ƙanana.

DAGA HAƘA ZUWA SAYAR DA TIKITI

Tun a shekarun farko, Mauney ya gano wata dabara da kamfanoni suka raina: maimakon ya biya lebura ya yi tono, sai ya bar baƙi su biya shi su yi tonon da kansu, abin da suka samu nasu. A 1952 Howard Millar ya farfaɗo da wannan dabara, ya buɗe nasa ɓangaren ga 'yan yawon buɗe ido, shi ne ma ya raɗa masa suna Crater of Diamonds. Ɗaya ɓangaren ma, wanda ya koma hannun wata mata, Ethel Wilkinson, aka buɗe shi a kan wannan tsari. Gaba ta koma ta allunan talla a bakin titi, kowa na cewa nasa ne ramin gaskiya. A 1956 wata mata daga Dallas ta tsinci farin lu'ulu'u mai nauyin sama da karat 15, aka kira shi Tauraron Arkansas, jaridu suka ɗauka, motoci suka yi ta kwarara.

A 1969 wani kamfanin Texas, General Earth Minerals, ya saye ɓangarorin biyu, karo na farko ke nan da ramin ya zama na mutum ɗaya tun 1906. Shi ma bai yi wani haƙa na kirki ba. A 1972 Jihar Arkansas ta saye wurin a kan dala 750,000, ta mai da shi wurin shaƙatawa na al'umma mai faɗin eka 911 a bakin kogin Little Missouri, ta kuma bar tsohuwar dokar nan ta wanda ya tsinta nasa ne.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi cewa ita kanta kalmar "ƙasar al'umma" tana da tabo. Kafin Huddleston, kafin Branner, yankin na al'ummar Caddo ne, 'yan asalin nahiyar, waɗanda tuddan da suka gina suna nan kusa da Murfreesboro. A ƙarni na 19 aka tura su yamma, yau zuriyarsu na Jihar Oklahoma. Ke nan an riga an yi ƙwacen tun kafin a san akwai lu'ulu'u.

Tun daga 1972 baƙi sun tsinci lu'ulu'u sama da 35,000, wato ɗaya ko biyu a rana in aka yi kan-kan-kan. Mafi girma a wannan zamani shi ne mai karat 16.37 da wani mutumin Amarillo ta Texas ya tsinta a 1975. Akwai rawaya mai karat 4.25 da aka samu a 1977, wanda Hillary Clinton ta ara ta sa a bukukuwan rantsar da mijinta. Akwai mai karat 3.03 da wata 'yar garin ta samu a 1990, wanda bayan an feƙe shi masana suka ba shi shaidar cewa ba shi da aibi ko kaɗan, jihar ta saye shi ta ajiye a wurin don kallo. A 2015 an sami mai karat 8.52, a 2020 mai 9.07, a Janairun 2024 kuma wani baƙo daga Faransa ya tafi gida da mai karat 7.46.

GWAJIN ƘARSHE

Kada mai karatu ya ɗauka da jiha ta saye wurin shi ke nan an huta. A 1979 aka gano ramin Argyle a ƙasar Ostareliya, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi yawan lu'ulu'u a duniya kafin a rufe shi a 2020. Dutsen Argyle kuwa lamforait ne, irin na Arkansas. Nan take kunnuwan kamfanoni suka sake miƙewa. A 1987, zamanin da Bill Clinton ke gwamnan jihar, aka yi dokar da ta buɗe ƙofar duba yiwuwar ba da hayar ramin ga masu haƙar kasuwanci. A 1990 aka fara huda ƙasa da injin don ɗibar samfuri. Ƙungiyoyin kare muhalli da masu son wurin suka garzaya kotu, aikin ya tsaya, daga baya aka ci gaba.

Wannan ne lokacin da gonar talaka ta fi shiga haɗari. Da sakamakon ya yi kyau, da wuya a ce yau akwai yaron da zai shiga wurin da bokiti. Kafin ƙarshen shekarun 1990 aka kammala wanke dubban tan na ƙasar gwaji, sakamako ya fito: abin da ke ciki bai kai karat ɗaya a cikin tan 100 ba. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Tsohon zargin nan na zagon ƙasa ma ya rasa ƙafar tsayawa. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne.

RANAR DA NA SHIGA GONAR

Yanzu bari in koma ga Asabar ɗin nan. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanmu, ɗan ƙanwata ya ce mun taki sa'a, don ruwa na wanke fuskar kunyoyi, shi kuma lu'ulu'u taɓo ba ya kama jikinsa, sai ka hango shi yana walƙiya a rana. Muka yi hayar bokiti da ƙaramin shebur da rariya biyu. An hana shiga da duk wani abin tono mai injin ko batir, kuma duk ramin da ka haƙa sai ka cike shi kafin ka tashi.

Hanyoyin nema uku ne. Wasu tafiya kawai suke yi a hankali tsakanin kunyoyi, ido a ƙasa. Wasu na tankaɗe busasshiyar ƙasa. Masu naci kuwa wanki suke yi a wasu rumfuna masu kwamin ruwa. Wani dattijo Bature da ya ce ya fi shekara ashirin yana zuwa wurin, shi ya nuna mini yadda ake yi. Ka ɗora rariya mai manyan idanu a kan mai ƙanana, ka wanke laka ta tafi, tsakuwa ta rage. Sai ka nutsa ƙaramar rariyar cikin ruwa, kana jijjiga ta, kana juyawa, har masu nauyi su taru a tsakiya ta ƙasa. Sannan ka kife ta a kan tebur tashi ɗaya, ka duba tsakiyar. Ina kallonsa sai na tuna yadda mahaifiyata ke rege shinkafa a ƙwarya, tsakuwa ta kwanta ƙasa. Ilimin ɗaya ne, sai dai ita tsakuwar take zubarwa, mu kuwa ita muke nema. Na tambayi dattijon ko ya taɓa samu. Ya ce ya samu da dama, amma in ya haɗa kuɗinsu duka ba za su biya man motar da ya ƙona ba.

Wajen la'asar, bayana ya ƙage, hannuwana sun yi sanyi ƙalau, na kife rariya ta ban san ko ta nawa ba. Sai ga wani abu fari tas a tsakiya, girman ƙwayar wake, yana ɗaukar ido. Gabana ya faɗi. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ɗan ƙanwata na tsaye bai fi taku uku da ni ba, yaron da ya kawo ni a motarsa, ya biya mini kuɗin shiga daga ɗan abin da yake samu. Maimakon in kira shi, sai na dunƙule dutsen a tafin hannuna, na zura a aljihu, na ci gaba da wanki kamar ba abin da ya faru. A cikin minti goma na gina gida a zuciyata, na sayi mota, na fara lissafin abin da zan ba shi da abin da ba zan gaya masa ba.

Shi ya katse ni. Ya ce, "Kawu, lafiya? Na ga ka yi shiru." Na yi ta'awizi a zuci, na ciro dutsen na miƙa masa. Ya yi tsalle, ya rungume ni, yana ta "Alhamdu lillahi, Kawu ya yi arziki!" Murnarsa tsakani da Allah ta fi komai ƙona mini rai.

Muka kai dutsen teburin da ma'aikatan wurin ke duba wa mutane abin da suka tsinta kyauta. Matar da ke wurin ta juya shi sau biyu, ta yi murmushi irin na wadda ta saba, ta ce kwaz ne. Ta nuna mana gefunansa masu kaifi da fuskokinsa shafaffu kamar gilashi, ta ce lu'ulu'un wurin mulmulalle ne, santsi gare shi kamar an shafa masa mai, sheƙinsa kuma irin na ƙarfe. Muka yi dariya, muka yi godiya. A hanyar komawa na gaya wa yaron gaskiyar abin da na yi. Ya ce, "Haba Kawu, ai ko ni ne sai na ɗan yi shiru tukuna." Na san faɗa kawai ya yi don ya rufa mini asiri.

KAMMALAWA

Na karanta labarin shari'o'in su Millar da gobarar 1919 ina ganin wautar mutanen da, sai ga shi dutsen da bai kai kuɗin kofin shayi ba ya raba ni da ɗan ƙanwata na minti goma. To ina ga a ce ramin irin na Kimberley ne? Mu da muka ga abin da zinare ya jawo wa ƙauyukan Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, ba ma buƙatar a ba mu amsa.

Abin da na gani a gonar nan shi ne tsofaffi da jikokinsu, da 'yan makaranta, da baƙo irina daga wata nahiya, kowa durƙushe a taɓo kafaɗa da kafaɗa, babu soja, babu waya mai ƙaya, babu mai cajin aljihun wani a bakin ƙofa. Wannan zaman lafiya ya samu ne saboda lu'ulu'un ya isa ya sa wa mutum rai, amma bai isa ya sa kamfani ya kawo katafila ba. Shekara 66 masu jari suna karɓa-karɓa da wurin kafin jiha ta saye shi, sannan suka sake dawowa bayan shekara 18 don su tabbatar ba su bar komai a baya ba. Saura suka bar wa jama'a, kuma sauran ne ya fi amfanar garin Murfreesboro, don baƙi na zuwa kowace shekara suna kwana a masaukansa suna cin abinci a shagunansa.

Dutsen kwaz ɗin yana nan a kan teburina cikin wata 'yar kwalba. Duk wanda ya tambaye ni, nakan ce masa tsarabar Amurka ce. Allah ya ba mu arziki mai albarka, ya raba mu da wanda zai raba mu da 'yan'uwa, amin. Sai mun sake saduwa, in Allah ya kai mu.